Gida bisa ƙafa huɗu

Ɗan kasuwar Dakoro ya san hanyar kudu kamar yunwar cikinsa. Ya san Tibiri da Maraɗi, ya san Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ya san rumfunan Kantin Kwari a Kano; wanda Allah ya ɗaukaka ma ya san tashar jiragen ruwa ta Kwatano da kasuwannin Dubai. Ma'aikacin gwamnati kuwa, tun ranar da aka turo shi garin, idonsa yana bisa hanyar Yamai, yana jiran takardar canjin wuri. To amma a tambayi ɗayansu abin da ke bayan kwarin Tarka, tafiyar da ba ta kai ta Maraɗi nisa ba, sai ya ɗaga hannu ya ce daji ne. Daga can shanu ke fitowa ranar kasuwa, da man shanu da cuku, da mutane masu dogon rawani waɗanda ake yi wa ciniki da sauri domin ba su son kwana a gari. Iyakar sanin ke nan.

Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin kiwo, irin waɗanda mutanen ƙauye ke kira likitan bisashe, wanda ya juya wa kudu baya. Ya shiga aiki a 1976, bayan farin 1973 da 1974, ya aje shi a 2014, shekara guda bayan rasuwar mai ɗakinsa. Abin da aka saba gani ga mai irin shekarunsa shi ne tabarma a ƙofar gida, da buta, da rediyo, da sahun farko a masallaci. Shi kuwa sai ya sayar da filin da ya saya tun yana saurayi, ya ba da gidansa haya, ya sayi wata tsohuwar Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da wata ƙungiyar agaji ta gaji da ita. Maƙerin ƙarfe ya ɗora mata rumfa, kafinta ya shimfiɗa katako daidai tsawon mutum, ya yi akwatuna a ƙarƙashinsa. Bido shida na ruwa, huɗu na gazuwal, buhun gero, murhun gawayi da butar shayi, gidan sauro, shebur da faranti biyu na ƙarfe domin fita daga rairayi, faifan hasken rana guda bisa rumfar, Alƙur'ani da wasu tsofaffin littattafan aiki. Tun daga ranar bai sake kwana ƙarƙashin rufin kwano ko na ƙasa ba. Ko ya shigo gari karɓar kuɗin haya da na fansho, a tsakar gidan ƙanensa yake tsai da motar, ya ci tuwo da mutane, dare ya yi ya hau gadonsa.

Sha'awar ta tsufa a ransa. Farkon shekarun 1980, lokacin da cutar bushiya ta sake ɓullowa a Afirka ta Yamma, ana tura su da allura su bi garkuna har Ingal. A wannan zamani hanyar hamada a buɗe take: Nasara na tasowa daga Tamanrasset, su shigo ta Asamaka, su bi Arlit da Agadas. Wasu tsofaffin Peugeot suke korowa su sayar, su koma gida ta jirgin sama da ribarsu. Wasu kuwa, miji da mata, har da ƴaƴa wani lokaci, suna zuwa cikin mota mai gado da murhu da labule a taga, ba su sayar da komi, ba su sayen komi in ban da mai da burodi. Wata rana aka buɗe masa ƙofar irin wannan mota ƙirar Volkswagen ya leƙa. Ƙanƙantar ɗakin ba ta ba shi mamaki ba, tun da ya saba da mutanen da dukan kayansu ba su fi ɗaukar takarkari biyu ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne amsar da mai motar ya ba shi da ya tambaye shi aikin da ya kawo shi: ya zo kallo.

A nan ne gizo ke saƙar, domin Hausa ta yi wa kowace tafiya suna mai daraja in ban da wannan. Akwai fatauci, akwai cin rani, akwai yawon karatu, da ziyara, da aikin hajji, da kiwo. Kowanne yana da abin da ake komowa da shi a nuna. Wanda ya fita ba domin ɗayan waɗannan ba, yawon duniya ya tafi, kuma kowa ya san ba yabo ba ne. «Yawon buɗe ido» magana ce da gidajen rediyo suka yaɗa domin fassara al'adar wasu. Saboda haka da dattijon ya ce shi ma kallo zai tafi, abokansa na biro suka yi ta nema masa wata hujja da ta fi kyan faɗi. Wasu suka ce ai shanu yake da su a ɓoye wurin Fulani. Wasu suka ce maganin dabbobi yake sayarwa. Masu tausayi suka ce baƙin cikin rasuwar matarsa ne, zai wuce. An shekara fiye da goma bai wuce ba.

Shekararsa tana farawa ne da ruwan shuka. Da zarar manoma sun binne iri, dole garkuna su bar ƙasar noma su bi burtali zuwa arewa, inda ɗanyar ciyawa ke tsirowa bisa tuddan rairayi, tabkuna kuma suka cika. Yakan bar su su yi gaba da kwana goma, sa'an nan ya bi sawu. Ba ya gudu. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta yin doguwar tafiya a yini, shi kuma ya ɗaure tafiyarsa ga tata, har yakan yi mako bai tada injin ba. Abin da ya sa gazuwal ɗin da direban tasha zai ƙone cikin kwana uku shi yakan kai shi wata. Shekarun aiki sun koya masa abin da taswira ba ta faɗi. Ba a kwana cikin kwari ko da sama tana tas, domin ruwan da ya sauka nesa yana iya isowa tsakar dare. Rairayi bayan ruwa ya fi kwalta daɗin tuƙi, amma laƙar filin Irhazer, kusa da Ingal, tana riƙe mota kwana da kwanaki. Ƙarangiya in ta nuna, ba a fita da wando mai faɗin ƙafa.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin kallon? Wanda bai taɓa tsayawa bisa tudu a arewacin Bermo cikin watan Agusta ba, da wuya bayani ya gamsar da shi. Ƙasar da ya sani fara fat da rani takan zama kore har iyakar gani, ba gona, ba shinge, ba turken lantarki, sai aduwa da kandili jefi jefi, da tabki yana walƙiya can nesa kamar an yar da tasa. Hadari yakan taso daga gabas tun la'asar, a gan shi dukansa, daga gindi har kai, yana tafe da jan ƙura a gabansa, abin da mazaunin gari ba ya gani saboda katangu. Da asuba jajayen shanun Bororo, masu ƙahon da ya fi hannun mutum tsawo, sukan tsaya kewaye da hayaƙin da aka hura masu, maruƙa na jere a dangwali, ba ka jin komi sai ƙarar nono cikin ƙwarya. Dattijon yakan zauna a bayan motarsa da shayi ya kalli wannan har rana ta ɗaga. Shekara talatin da takwas ya yi yana ratsa waɗannan wurare, amma a lokacin idonsa na bisa lissafin allura da takardar da zai kai wa shugabansa. Ya ce bai taɓa ganin su ba sai da ya daina ƙidaya.

Ba zaman banza yake yi masu ba. Yana duba saniyar da ta kumbura don cin ɗanyar ciyawa, yana karanta masu ranar lalacewar maganin da aka sayo a kasuwa, wanda sau da yawa ta wuce tun bara, yana cika masu salula da faifansa, ya kuma sha kai mai naƙuda asibitin Bermo cikin dare. Su kuma ba su bari ƙwaryarsa ta bushe. Amma ba ya yarda a kira wannan aiki. Maƙwabtaka ce, in ji shi.

A shekarunsa na farko yakan kai har Ingal domin shan gishiri na watan Satumba, ya bi gindin dutsen Tigidit, yankin da masu bincike ƙarƙashin Paul Sereno suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar zamanin da a 1997, suka sa mata suna Jobaria. Ya gangara Tegidda n Tesemt ya ga ramukan da ake shanya ruwan gishiri, kowanne da launinsa. A hanyar komowa ya tsaya wurin Gerewol. Wannan rawa ta samarin Wodaɓe duniya ta san ta: littafin hotuna na Carol Beckwith ya fito a 1983, Bajamushe Werner Herzog ya yi fim a kanta a 1989. Akwai ɗakunan zama a Paris da aka rataye fuskokin mutanen da, in sun shigo Dakoro, ba a ba su kujera a kanti.

Wurin da ya fi so dai shi ne Gadabeji. An keɓe wannan gandu tun 1955, eka dubu 76 da awon hekta, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake kiyaye halittunsu tare da mutanen da ke kewaye. Tsofaffin makiyaya sun ba shi labarin mariri da jimina da raƙumin dawa da suka taras suna yara. Farauta da mota da bindiga, da fari bisa fari, suka share su. Shi barewa ya taras, da dila, da tuje, da jan biri. Cikin watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi masu tafiyar fiye da kilomita 800 cikin manyan motoci aka sake su a Gadabeji, bayan kusan shekara hamsin ba a ga ko guda a wurin ba. Kure ɗin ma da ƙyar ta tsirar da su, tun da a 1996 guda 49 kawai suka rage. Dattijon ya kwana huɗu a bakin gandun, da izinin ma'aikatan daji, kafin ya ga kawuna biyu sun ɓullo bisa itatuwa. Ya yi waya gari ya ba da labari. Wanda ya ɗauka ya tambaye shi nawa buhun gero yake a can.

A wasu ƙasashe irin rayuwarsa ba abin mamaki ba ce. A Amurka da Kanada tsofaffin ma'aikata da yawa sukan sayar da gida su sayi mota mai ɗaki, da sanyi su gangara kudu, da bazara su haura arewa ta hanyar Alaska, wadda soja suka gina a 1942 mai tsawon fiye da kilomita 2,000, su je kallon duwatsun ƙanƙara da namun daji a ƙasar da rana ba ta cika faɗuwa ba cikin watan Yuni. Ana yi masu wuraren tsayawa masu ruwa da lantarki, ana buga masu littattafan jagora. Amma ko can ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Fim ɗin Nomadland, wanda ya ci babbar kyautar Oscar a 2021, labarin waɗanda tsiya ta kora cikin mota ne bayan karyewar tattalin arziki ta 2008, suna bin aikin ƙodago daga jiha zuwa jiha. A Faransa kuwa, alhali ɗan fansho mai motar kwana yana tsayawa bakin teku ana yi masa maraba, ƙabilun da suka gaji yawo kaka da kakanni doka ta sa masu ido tun 1912, daga 1969 kuma aka ɗora masu takardar yawo da sai an kai wa jandarma ya buga hatimi. Ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 2017. Wato dai a ko'ina, wanda ya zaɓi yawo da kuɗi a aljihu baƙo ne mai daraja, wanda aka haifa cikin yawo kuwa abin tuhuma.

Dattijon ya san ko shi a ɓangaren masu gata yake. A shingen jami'an tsaro, tsohuwar takardarsa ta aiki da Faransancinsa sukan buɗe masa hanya cikin minti biyu, alhali mai garken da ya ciyar da shi jiya yana tsugune a rana. Ya kuma san gidansa bai kama ƙafar nasu ba. Matar Bawodaɗe takan kwance gadonta, ta jera ƙorenta, ta ɗaure komi bisa takarkari da jakai kafin shayi ya yi zagaye uku, inda ta sauka kuma ta kafa shi kamar yadda yake jiya, gida a gabas, shanu a yamma. Nasa gidan yana shan mai, yana fashe taya, in ƙarfe guda ya karye sai an aika Maraɗi.

Yana da wani littafi mai baƙar fata tun na shekarun 1980, inda ya rubuta sunayen rijiyoyi da tabkuna da masaukai, da kwana nawa ke tsakaninsu. Kowace damana sai ya ja layi bisa wasu. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, a wannan yanki kuwa kwarin Tarka ne alamar da kowa ya sani. Yau gero ya tsallake shi da nisa. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya zo, dokar kiwo ta 2010 ta zo ta ce ƙaura haƙƙin makiyayi ce, ta hana wani ya mallake makiyaya shi kaɗai. Takarda ta yi kyau. A ƙasa kuwa burtalin da garke uku ke bi kafaɗa da kafaɗa ya koma hanyar amalanke. Rijiyar da kowa ke sha ta sami mai ita da farashinta. Ciyawar da ya kamata ta kai bisashe ƙarshen rani ana share ta da manjagara a loda motoci a kai gari, a jira watan Mayu ta yi tsada. Talakan manomi da ƙasarsa ta gaji yana da nasa uzurin. Amma ba shi ke gina rijiyar siminti ba, ba shi ke sayen wayar shinge ba, ba shi ke da garke dubu da makiyayan haya ba. Masu wannan ƙarfi suna gari, a kanti da biro, kuma yawancinsu ba su taɓa kwana guda a ƙasar da suke yankawa ba. Wanda ya ga gawarwakin shanu a 1984, ya sake ganinsu zube kewayen Gadabeji a 2010, wanda kuma yake tune da Toda, inda aka kashe Fulani fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara, cikin Oktoba na 1991, ba ya ɗaukar ƙuntatar burtali da wasa.

Nasaran da suka sa masa sha'awa sun daɗe da ɗaukewa. Tawayen 1990 zuwa 1995 da rikicin Aljeriya sun rufe hanyar hamada, na 2007 ya kashe abin da ya fara farfaɗowa, kisan mutum takwas a Kure cikin Agusta na 2020 ya ƙarasa sauran. Shi ma rashin tsaron ya taɓa shi. Bai sake kai wa Ingal ba tun wasu shekaru, kuma ya san mota irin tasa ita ce abin da ɓarayin daji suka fi so.

Wannan ne makamin ƴaƴansa. Da farko kunya ce ta dame su. Lokacin auren autarsa, da dangin ango suka tambayi gidan da za a kai goro, sai da aka yi shawara kafin a nuna masu zauren ƙanensa. Maganar ta yi wata tana yawo a gari. Akwai kuma malamin da ya tada masa zancen salla, ko shi matafiyi ne da zai yi ƙasaru, aka ƙare bisa cewa mai bin ciyawa ba tare da niyyar wani gari ba cika sallarsa yake yi, kamar yadda makiyaya ke yi. Yanzu kuwa maganar ta wuce kunya. Ɗansa na fari, ma'aikaci a Yamai, wanda dattijon ba ya kiran sunansa, ya zo takanas bayan sallar layya ya durƙusa gefen motar.

«Baba, shekarunku sun haura saba'in, idonku ba kamar da ba. In ta Allah ta kasance a daji, wa zai yi maku sutura?»

Dattijon bai dube shi ba. Ya juya wajen ƙanensa ya ce: «Gaya wa yaron nan, mutanen da nake bi musulmi ne, kuma sun iya gina kabari.»

Amsar ba ta kashe maganar ba, domin ɗan yana da gaskiyarsa, uban kuma ya sani. Da magariba ya daina tuƙi tun bara. An kwana uku ana kai da komo ta bakin ƙanen, aka tsaya a kan sharuɗɗa: ba zai wuce gundumar Bermo ba, zai riƙa hawa tudun da salula ke kamawa kowace Juma'a ya yi waya, zai kuma tafi da wani jikan ƙanensa, saurayin da ya bar lakwal yana zaman tasha, shi zai riƙe sitiyari. Sharaɗin na uku ne ya fi yi masa ciwo, tun da gadon na mutum guda ne, shirun asuba kuma ba ya son rediyon samari. Yaron ma ba da son ransa ba ne. Ya tambaya ko akwai inda ake kallon ƙwallo a can.

Bana ruwa ya sauka da wuri, garkuna sun haura tun kwana goma sha biyu. Motar kuwa tana ƙarƙashin dogon yaro a garejin bakin kasuwa, bakinta a buɗe, famfon gazuwal ya mutu. Abokinsa Bawodaɗe ya aiko da saƙo ta bakin wani mai sayar da cuku cewa suna bakin tabkin da ya sani, za su jira har tsayuwar wata, daga nan za su matsa. Dattijon yana wuni bisa benci kusa da motar, littafinsa mai baƙar fata bisa gwiwa, yana koya wa yaron gaisuwar Fulatanci da sunayen rijiyoyi bi da bi. An aika Maraɗi neman ƙarfen, ba a samu ba, an aika Kano. Bakanike ya ce Talata.